Ɗalibaina sun haddace fomular densiti amma ba su gane ba, ya zan yi?

Malama sannu da ƙoƙari. In na fahimci tambayarki, kina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, yaran sun haddace fomular densiti tsaf, nauyi a raba da girma (wato yawan wurin da abu ya ci), har kin yi musu gwajin nan na jera zuma da ruwa da mai a kwalba ɗaya sun yi ta shewa, amma da kika ce su gaya miki me ya sa ƙaton gungume yake yawo a kan ruwa alhali 'yar ƙusa nutsewa take sai ajin ya yi tsit, ga kuma darasin gauraye yana tafe ba ki san ta inda za ki haɗa su ba.

Toh abin da nake gani shi ne fomular ta zo da wuri. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 ba da kai wayam yake shigowa aji ba, ya riga ya zo da hukuncinsa tun daga gida, wato abu mai nauyi nutsewa yake mara nauyi kuma tasowa yake, kuma wannan hukuncin ya yi masa aiki sau ba adadi dan haka ba zai jefar da shi ba kawai saboda kin rubuta wani abu a allo. Abin da yake yi shi ne ya ajiye su biyun gefe da gefe, fomula ta jarrabawa, nasa tunanin kuma na rayuwa. Aikinki shi ne ki sa wancan tunanin nasa ya faɗi a gaban idonsa, kuma da hannunsa.

Ki samo ƙaton kyandir da 'yar tsakuwa ƙarama. Kafin komai ya taɓa ruwa a ɗora su a sikeli, kowa ya gani kyandir ɗin ya ninka tsakuwar nauyi sau da yawa. Sannan kowane yaro ya rubuta a littafinsa wanne zai nutse, da dalili. Rubutun nan kar ki yi wasa da shi, in ba su rubuta ba, da zarar sun ga sakamako kowa zai ce ai dama haka na ce. Sai a saka. Kyandir ya taso, tsakuwa ta tafi ƙasa. Akwai wanda zai ce ai don kyandir ɗin yana da faɗi ne, toh ki ba shi wuƙa ko ki yanka da kanki, a raba biyu, a sake rabawa, har ya koma ɗan mitsitsi kamar ƙwayar yashi, duk tasowa suke. A haɗa kyandir biyar a ɗaure da zare, nan ma tasowa. A nan ne tambayar da kike so take fitowa daga bakinsu ba daga naki ba: in ba nauyi ba ne kuma ba girma ba ne, to mene ne? Ki bar su da ita su kwana, kar ki yi saurin amsawa.

Darasi na gaba awo ne zalla, kuma ni a wajena shi ne zuciyar abin gaba ɗaya. Kowane rukuni ya auna nauyin ruwa mililita 20, sai 40, sai 60, sai 100, suna rubutawa a jadawali. Za su ga giram 20, 40, 60, 100 ko kusa da haka. Sai a maimaita da man girki, mililita 100 zai ba su wajen giram 92, 50 kuma wajen 46. Ki ce su nemo miki nauyin mililita ɗaya tak a kowane layi. Ruwa zai yi ta ba su 1, mai zai yi ta ba su wajen 0.92, ko da yawa aka ɗiba ko kaɗan, lambar ba ta motsi. Wannan lambar da ta ƙi motsi ita ce densiti, kuma kinga sun riga sun raba nauyi da girma da kansu ba tare da kin ce ga fomula ba, yanzu in kin rubuta ta a allo sai ta zama taƙaita abin da suka riga suka yi. In suna iya zana giraf su zana, ruwa layinsa miƙaƙƙe, mai nasa miƙaƙƙe amma ya ɗan fi kwanciya. Maganar bambancin nauyin da sikeli yake nunawa a giram da kuma ƙarfin da duniya take jan abu da shi, ki faɗe ta a jimla ɗaya ki wuce, ba yau ce ranarta ba.

Sai dai ki lura da kayan awon, nan ne gwaje-gwaje da yawa suke lalacewa malami ya rasa dalili. In sikelinki giram ɗaya-ɗaya yake ƙirgawa, kar ki sa su auna mililita 10, saboda bambancin ruwa da mai a wannan ɗan awon bai kai giram ɗaya cikakke ba, sikelin zai haɗiye shi yara su ce duk ɗaya ne. Ku yi da 100 ko 200. A koya musu mayar da sikeli sifili bayan an ɗora kofin da ba komai ciki, a koya musu durƙusawa ido ya yi daidai da saman ruwan a silinda, wato bututun awo mai layuka, a karanta daga ƙasan lanƙwasar. In babu silinda sirinji babba mara allura yana yin aikin, wani lokacin ma ya fi silindar roba gaskiya. Kuma in wani rukuni ya samu 0.97 wani 1.03 kar ki ce wani ya yi kuskure, ki rubuta duka a allo su ga yanda awo yake a gaske.

Yanzu maganar kwalbar nan taki mai hawa-hawa. Tana da kyau a ido, ban ce ki daina ba, amma in aka fara da ita tana koyar da abu biyu da ba daidai ba. Na farko, zuma ta fi kowa kauri kuma ita ce a ƙasa, dan haka yaro yana tashi da cewa abu mai kauri shi ne mai densiti. Ki tambaye shi tsakanin mai da ruwa wanne ya fi kauri, zai ce mai, toh me ya sa yake sama? Kauri maganar yanda abu yake gudana ne, densiti maganar nauyin mililita ɗaya ne, zuma ta haɗa biyun ne kawai, wajen 1.4 take. Na biyun ya fi ɓoyuwa: yara suna ɗauka bambancin densiti ne ya hana mai da ruwa haɗuwa. Ba shi ba ne. Sifirit tsantsa 0.79 yake, ya fi mai nisa da ruwa a lamba, amma kina zuba shi a ruwa kika motsa shikenan sun zama ɗaya. Densiti yana faɗa miki wa zai hau kan wa ne, amma ko za su yarda su gauraya wannan wata siffa ce daban, ta danganta da yanda ƙwayoyinsu suke jan juna. Ki girgiza kwalbar a gabansu ki ajiye, man zai dawo sama abinsa, zuma da ruwa kuwa sun haɗe ba sa sake rabuwa. Wannan girgizawar ita ce ƙofar shiga darasin gauraye, kyauta.

Ga yanda nake son a shiga. Ruwa giram 100 a kofi, gishiri giram 30 a takarda, a ɗora su tare a sikeli, 130 bayan an cire nauyin kofi da takarda. Tambaya: in gishirin ya narke ya ɓace, nawa sikeli zai nuna? Za ki sha mamaki yawan waɗanda za su ce 100, wasu su ce 115 wai rabi ya tafi. A narkar, a auna, 130 cif. Gishirin yana nan, ido ne ba ya ganinsa. Sai tambaya ta biyu, ruwan zai kai ina a silinda? Masu cewa gishiri ya ɓace za su ce 100, masu lissafi za su ce 130. Ba ko ɗaya, wajen 111 zai tsaya. Toh 130 a raba da 111 ya ba da wajen 1.17. In kowane rukuni ya ɗauki nasa awon, giram 10 a ruwa 100 zai ba da wajen 1.06, giram 20 wajen 1.12, giram 30 wajen 1.17, sai ga jadawalin aji ya nuna abin da babu shi a darasin farko: ruwa tsantsa lambarsa ɗaya ce, amma ruwan gishiri ba shi da lamba ɗaya, lambarsa tana bin yawan abin da aka zuba. Wannan shi ne babban bambancin abu tsantsa da gauraye, kuma sun gano shi da sikeli ba da hadda ba. Akwai iyaka kuma, in aka wuce wajen giram 36 a ruwa giram 100 gishirin ya daina narkewa sai ya kwanta a ƙasa, densitin ya tsaya wajen 1.2, duk motsawar da za su yi a banza.

Daga nan ƙwai ya shigo. Sabon ƙwai ya ɗan ɗara ruwa kaɗan, yawanci bai kai 1.1 ba, dan haka zai nutse a ruwa zalla, ya taso a kofin giram 20. Ki sa su jera kofunan su gano tsakanin wanne da wanne densitin ƙwan yake, kinga sun auna densitin abu ba tare da sun ɗora shi a sikeli ba. Ki tabbatar dai sabo ne, tsohon ƙwai ruwan cikinsa yana fita ta ɓawo iska ta maye gurbi, zai iya taso miki a ruwa zalla ya rikita darasin. A nan ne ake kawo maganar teku, ruwan teku wajen 1.025 ne, Tekun Gishiri na tsakanin Jodan da Isra'ila da Falasɗinu kuwa wajen 1.24, shi ya sa mutum yake kwanciya a kansa bai nutse ba.

Wanda ya fi ɗaure musu kai shi ne sifirit da ruwa. Mililita 50 na wannan da 50 na wancan, a haɗa, sai ya ba da wajen 96 maimakon 100. Za su rantse an zubar, dan haka a auna nauyi kafin da bayan, su ga ko giram bai ɓata ba. Ki nemi sifirit mai ƙarfi, wanda aka riga aka sirka da ruwa raguwar ba ta fitowa sosai. Malamai suna bayyana shi da kofin tsakuwa da kofin yashi, in aka juye yashi a kan tsakuwa yana shiga ramukan ba ya cika kofi biyu. Misalin yana taimakawa, amma ki gaya musu misali ne kawai, a gaskiya ba wai ƙananan ƙwayoyi sun faɗa ramukan manya ba ne kaɗai, ƙwayoyin ruwa da na sifirit jan juna suke su sake zama a matse. Abin da za su tafi da shi dai: in an gauraya nauyi yana taruwa daidai, girma kuwa ba dole ba, sai an auna.

Akwai wani tarko da masu ƙoƙarin ajin ne ma suke faɗawa, wato su tara densiti biyu su raba biyu. Labarin Arkimidis da kambin sarki yana maganinsa. Arkimidis masanin lissafi ne, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma labarin ya ce sarki Hiyero ya zargi maƙeri da sirka zinariyar kambinsa da azurfa. Ki ba su lambobin su yi aikin: zinariya 19.3, azurfa 10.5, kambi giram 1000. In zinariya ce zalla girmansa wajen mililita 52. In rabin nauyin azurfa ne, zinariya giram 500 ta ci wajen 26, azurfa giram 500 ta ci wajen 48, an samu wajen 74 kenan, densiti wajen 13.6. Mai tarawa ya raba biyu zai ce 14.9. Me ya kawo giɓin? Azurfar ta fi cin wuri, dan haka ta fi jan lambar zuwa ɓangarenta. Wannan lissafin in suka yi shi sau ɗaya da hannunsu ba sa sake faɗawa tarkon.

Ni ina ƙara musu da cewa labarin nan na cewa ya shiga wanka ya ga ruwa ya malalo, ya fito a guje don ya gano dabarar auna girman kambi ta tsoma shi a ruwa, wani marubucin Rum ne mai suna Bitrubiyus ya rubuta shi wajen shekara 200 bayan mutuwar Arkimidis, kuma masana da dama suna shakkar hanyar da aka ce ya bi. Ki sa su lissafa da kansu, bambancin mililita 22 a kwano mai faɗin santimita 20, ruwan ko milimita ɗaya ba zai ƙara tashi ba, wa zai gani da ido? Galileo ma, masanin kimiyya ɗan Italiya, a 1586 ya rubuta cewa ya fi yiwuwa ma'auni Arkimidis ya yi amfani da shi, a auna abu a iska a sake aunawa cikin ruwa. Albiruni, masanin kimiyya Musulmi wanda aka haifa a 973, ya ƙera wata 'yar tukunya mai bututu a wuya, yana jefa ƙarfe ko dutse mai daraja ya tari ruwan da ya malalo ya auna nauyinsa, kuma lambobin da ya samu sun yi kusa da na yau ƙwarai. Dabararsa ce ya kamata a kwaikwaya a aji, auna nauyin ruwan da ya zubo ya fi leƙen layi a jikin kwano, tunda giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne.

Tambayar jirgin ruwa kuwa ki shirya mata, sai ta zo. Ƙarfe wajen 7.9 ne, ya aka yi jirgi bai nutse ba? Ki ba su curin yumɓun wasa, a dunƙule ya nutse, a buɗe shi kamar kwano ya taso, nauyi bai canja ba. Abin da ya shiga ruwan yanzu yumɓu ne haɗe da iskar da ya rungumo, iska kuwa lita guda giram 1.2 ce kacal, dan haka nauyin duka a raba da girman duka ya faɗo ƙasa da 1. Lemo da ɓawonsa yana tasowa, in an ɓare shi sau da yawa nutsewa yake duk da nauyinsa ya ragu, yara suna son wannan sosai. A jikin manyan jiragen kaya akwai layukan lodi da ake kira da sunan Samuel Plimsoll, ɗan majalisar Ingila da ya yi ta fafutuka har aka yi doka a 1876, kuma layin ruwan kogi daban na teku daban, saboda jirgi ɗaya da kaya ɗaya ya fi zurfi a ruwan da ba gishiri.

Raba gauraye shi ne wajen da komai yake haɗuwa, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Yashi da gishiri da garin ƙarfe da gutsattsarin kyandir a kofi ɗaya, ki ce su raba, amma kafin su taɓa su rubuta wace siffa za su yi amfani da ita a kowane mataki. Maganaɗisu ya kwashe ƙarfe, a zuba ruwa kyandir ya taso a yaɗe, gishiri ya narke, a tace yashi, a bar ruwan ya ƙafe gishiri ya dawo. In sun zuba ruwa kafin su sa maganaɗisu za su sha wahala, ki bar su su sha, darasi ne. Ki nannaɗe maganaɗisun a leda tukuna in ba haka ba garin ƙarfen ba zai bar jikinsa ba. Wani mai sauƙi, a yayyanka robar ruwan sha ƙanana, jikin robar wajen 1.38 ne nutsewa yake, murfin bai kai 1 ba tasowa yake, kuma haka masana'antun sake sarrafa roba suke raba su a manyan tankuna. A dai danna gutsattsarin cikin ruwa kumfar iska ta sake su.

Zafi da sanyi ki taɓa shi a taƙaice. Ruwa ya fi densiti a digiri 4, a digiri 80 ya sauko wajen 0.97, ruwan zafi mai kala yana zama a kan na sanyi in an zuba a hankali. Ƙanƙara 0.92 ce shi ya sa take tasowa, a sifirit mai ƙarfi kuma ta nutse, kyandir ma haka, wannan yana nuna musu tasowa ba halin abu ba ne shi kaɗai, sai an tambaya a cikin me. Sifirit dai yana kama wuta, gwajinsa a hannunki zai tsaya, ba wuta a kusa, taga a buɗe, kuma ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji ko da ruwan gishiri ne.

Wajen jarrabawa ki rage tambayoyin ga nauyi ga girma nemo densiti, kalkuleta ma tana cin waɗannan. Ki tambaye su an raba sandar alminiyam mai densiti 2.7 gida biyu ɗaya babba ɗaya ƙarami, nawa ne densitin ƙaramin, duk wanda ya ce 1.35 ko wani abu ƙasa da 2.7 kin san har yanzu nauyi yake gani. Ki tambaye su ƙwai yana tsaye a tsakiyar ruwan gishiri bai hau ba bai sauka ba, me zai faru in an ƙara ruwa zalla, kuma me ya sa. Ko ki ajiye kwalba biyu masu ruwa fari tas, ɗaya zalla ɗaya da sukari a narke, ki ce ba ɗanɗanawa, ga sikeli ga sirinji ga kalar abinci, su nemo hanya biyu daban-daban ta gane wanne ne wanne, su rubuta matakan yanda wani rukunin zai iya bi ya samu abin da suka samu.